Amsar Tambaya: Daga Sakkwato Zuwa Jidda, Sa'a Nawa Ne?

Wani malamin makaranta a Sakkwato ya aiko mana da takarda. Ya ce mahaifinsa ya tafi Haji ya komo, ya gaya musu sa'a bakwai suka yi a zuwa, amma a komowa sa'a uku kaɗai. Shi ne yake tambaya, shin hanya biyu ce, ko kuwa tsohon ne ya ruɗe?

To, Malam, tsoho bai ruɗe ba, agogo ne ya yi masa wayo. Daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar III zuwa na Jidda, in an miƙe sak, wajen mil 2,300 ne, watau kilomita 3,700 da 'yan kai. Babban jirgi kuwa yakan ci mil 500 ko fiye cikin sa'a guda. In ka haɗa da hawa da sauka, tafiyar ta kama kusan sa'a biyar. Amma agogon Makka yana gaban namu da sa'a biyu, domin rana tana riga fito musu. Saboda haka wanda ya tashi Sakkwato da ƙarfe goma na safe, sai ya sauka ya tarar ƙarfe biyar na yamma. Ran komowa kuwa sai a mayar masa da sa'o'in nan biyu da aka ranta.

Malamai, ga inda abin ya shafe ku. Mai tafiya gabas yininsa gajere ne. Alhajin da ya dogara ga agogon gida yana jiran La'asar, sai ya leƙa taga ya ga rana tana shirin faɗuwa. Ya kamata masu yi wa maniyyata bita su riƙa faɗa musu wannan tun a gida, su kuma koya musu hukuncin sallar matafiyi, kada a bar su sai sun ɗaura ɗamarar kujera.

Sa'a biyar ɗin nan ma sai in hanya a buɗe take. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu 1923 da ɗari, watau 2023, aka rufe sararin ƙasar, jiragen alhazanmu na shekaran nan suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, masu jirage kuma suka nemi ƙarin kuɗi. Ashe dai Sudan ɗin nan da kakanninmu suka ratsa da ƙafa, ta Fashir da Hartum har Sawakin bakin Bahar Maliya, ita ce jirgi ke bi ta bisanta. Su kam wani ya shekara biyu a hanya, wani bakwai, yana tsayawa noma don neman guzuri. Waɗansu ma can suka zauna, kamar jama'ar Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda suka ci gaba gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, har garinsu na bakin Shuɗin Nilu yake amsa sunansa.