Yanke Gefe da Ma'aunin Kaso: Wa Ake Fitarwa Daga Lissafin Hausar Petit Marché?

Tun da na'urar naɗar murya ta shiga aljihun kowane ɗalibi, nazarin furuci ya koma aikin lissafi. Manazarci kan naɗi magana ta awanni, ya auna tsawon wasula da manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, sannan ya rubuta umarni cikin R ko Python, ko Spark idan bayanan sun yi yawa, domin a kasa alƙaluman rukuni-rukuni a fitar da matsakaicin kowane. Kafin fitar da matsakaicin akwai layi ɗaya da ɗalibai kan kwafa daga juna ba tare da tambaya ba: a zubar da kashi 5 cikin 100 na ƙasa da kashi 5 na sama, wai fanɗararrun alƙaluma ne. Wannan layi hukunci ne a kan harshe, kuma bai kamata a bar wa kwamfuta ita kaɗai ta yanke shi ba.

Kasuwar Petit Marché da ke tsakiyar Yamai, wadda Zabarmawa ke kira Habou Ganda, ta isa misali. Ciniki a nan da Zabarmanci da Hausa ake yin sa, Faransanci kuma yana kutsowa a tsakani. Hausar ma ba iri ɗaya ba ce: akwai ta Adar, da ta Arewa, da ta Maraɗi, da ta Damagaram, ga kuma ta wanda ya koye ta bayan ya girma da wani harshe. Duk wanda ya naɗi murya a irin wannan wuri zai samu alƙaluman da suka fita daga sahu, amma dalilansu sun bambanta.

Wasu kuskure ne tsantsa. Ƙarar babur ko ihun mai kura na iya ruɗar manhajar da ke raba sauti, ta haɗa wasali da shirun da ya biyo baya, sai a ga gajeren wasali ya kai sakan guda. Adadi ɗaya irin wannan na iya jan matsakaicin ƙaramin rukuni zuwa inda babu mai magana. Masu goyon bayan yanke gefe suna da gaskiya a nan, kuma suna da gaskiya da suke cewa babu mai iya sauraron wasula miliyan ɗaya da kunnensa. Sai dai wasu alƙaluman magana ce ta gaske. Mai talla takan ja wasalin ƙarshe idan tana kiran masu saye, mai ciniki kan ja murya yana nuna mamakin tsada, kuma wasalin da ya zo kafin tsayawa yakan bambanta da na tsakiyar jimla. A wurin kwamfuta duk waɗannan da ƙarar babur abu ɗaya ne.

Aibi na farko na ma'aunin kaso shi ne bai san kuskure ba, matsayi a jeri kawai ya sani. A ƙaddara an auna wasula 10,000. Umarnin zai zubar da 1,000, ko akwai kuskure ko babu. Idan kurakuran 50 ne, an yi asarar aƙalla sahihan ma'aunai 950. Idan kuwa 2,000 ne, aƙalla 1,000 sun tsira suna cikin lissafi, alhali manazarci ya saki jiki cewa ya tsabtace bayanansa. Dabarar da John Tukey ya yaɗa a littafinsa na 1977 ta fi wannan adalci, domin tana duba nisan adadi daga inda rabin bayanan suka taru, kuma idan babu wanda ya yi nisa ba ta cire kowa.

Aibi na biyu yana wajen tsarin umarni: a yanke kafin a kasa, ko a kasa kafin a yanke? Tsawon wasali a Hausa yana bambanta ma'ana, ko da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna shi. Gari na zama da gāri na tuwo shaida ne, haka dafa abinci da dāfa kafaɗa. Idan aka zuba dogaye da gajerun wasula a kwando ɗaya aka yanke gefe biyu, abin da zai faɗi daga ƙasa kusan duka gajeru ne, daga sama kuma dogaye. Matsakaicin gajeru zai ƙaru, na dogaye ya ragu, tazarar da ke tsakaninsu ta tsuke. Sai ɗalibi ya rubuta a kundinsa cewa bambancin tsawon wasali yana raunana a Hausar Yamai, alhali umarninsa ne ya raunana shi. Garin gyaran gira ke nan aka rasa ido.

Aibi na uku shi ya fi nauyi, domin ya shafi mutane. A ƙaddara masu magana 100 ne, 4 daga cikinsu Zabarmawa ne da Hausa ta zama harshensu na biyu, kuma furucinsu ya karkata gefe guda. Yankan kashi 5 na iya share su gaba ɗaya. Matsakaicin da ya rage zai yi kama da Hausar littafi, mai dubawa ya gamsu, amma abin da ya mayar da kasuwar wurin nazari, wato cuɗanyar harsuna, ya ɓace daga rahoto. Tarihin fannin walwalar harshe gargaɗi ne a kan haka. A 1962 William Labov ya bi manyan kantuna uku na birnin New York yana sauraron yadda ma'aikata ke furta sautin r, ya kuma nuna cewa bambancin da ake ɗauka marar ƙa'ida yana bin matsayin jama'a da yanayin magana. Abin da wani zai zubar a matsayin hayaniya shi ya zama ginshiƙin fanni.

Mafita ba ta da wahala. A fara kasa bayanai bisa tambayar bincike: nau'in wasali, gurbinsa a jimla, karin harshen mai magana, da yanayin magana, talla ko hira. A lissafa iyakokin kowane rukuni daban, a kuma lura cewa rukunin da bai wuce ma'aunai 20 ba kashi 5 ɗinsa adadi ɗaya ne tak. Abin da aka cire a ajiye shi a fayil na musamman, a zaɓi 100 daga ciki a saurara, domin a san ko babur ne ko mutum. A ba da matsakaici biyu a rahoto, na kafin yanka da na bayansa, tare da adadin tsakiyar jeri, wanda fanɗararru ba sa iya jansa sosai. Idan sakamakon ya sauya saboda yankan, wannan sauyin kansa abin bayani ne.

Nauyin nan yana kan malamai masu duba kundi kamar yadda yake kan ɗalibai. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Bayero ta Kano da sauran takwarorinsu, ya dace kwamitin jarrabawa ya riƙa neman umarnin kwamfuta tare da kundin, ya tambayi ɗalibi ma'aunai nawa ya cire, na waɗanne masu magana, kuma bisa wace hujja. Ɗalibin da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi uku bai gama bincikensa ba tukuna.