Murya da Allo: Aikin da ke Jiran Manazarta Hausa a Na'urori Masu Magana

A watan Nuwamba na shekarar 2014 kamfanin Amazon na Amurka ya fito da Echo, wata na'ura mai siffar gwangwani wadda ba ta da allo kuma ba ta da maɓallan rubutu. Ana yi mata magana, ta amsa da muryar da aka raɗa wa suna Alexa. A 2015 kamfanin ya buɗe wa masu ƙera manhaja ƙofa domin su ɗora nasu ƙananan ayyuka a kanta, waɗanda ake kira Alexa Skills: wannan na karanta labarai, wancan na koyar da girki, wani na faɗin yanayin sama. An zaci cewa baki da kunne sun wadatar. Amma ba a cika shekara uku ba, a 2017, kamfanin ya fito da Echo Show mai allo na inci 7, sannan a 2018 ya gabatar da Alexa Presentation Language, wato APL, tsarin da ake bi wajen zana abin da zai bayyana a allon yayin da na'urar ke magana. A wannan shekarar ce Google ma ya fito da tasa na'urar mai allo.

Dalilin wannan komawa ga allo ba ɓoyayye ba ne. Magana zarar bunu ce, idan ta wuce ba ta dawowa. Na'ura za ta iya jero wa mutum sunayen asibitoci goma, amma kafin ta kai na bakwai ya manta na biyu. Ido kuwa yakan ɗauki jerin gaba ɗaya, ya koma baya, ya kwatanta. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne cewa raba aiki tsakanin murya da allo batu ne na ilimin harshe kafin ya zama na injiniyanci, kuma idan manazarta Hausa ba su tsara shi ba, waɗanda ba su san harshen ba za su tsara, mu kuma mu gaji abin da suka bari.

Yana da kyau a fara da yadda abin ke aiki. Idan mutum ya yi magana, na'urar takan aika sautin ta intanet zuwa kwamfutocin kamfanin, a mayar da shi rubutu, a tantance nufin mai magana, a miƙa buƙatar ga manhajar da ta dace. Manhajar takan mayar da amsa kashi biyu. Kashi na farko shi ne abin da za a furta, wanda ake rubutawa da tsarin SSML, mai ba da damar nuna inda za a dakata, inda za a ƙarfafa murya, har da yadda za a furta wata kalma ta amfani da alamomin furuci na duniya. Kashi na biyu shi ne takardar APL, wadda ake rubutawa da JSON. A cikinta ake faɗin inda rubutu zai zauna, inda hoto zai tsaya, da jerin abubuwan da za a iya taɓawa. An raba zanen da bayanan da za su cika shi, ta yadda zane ɗaya zai karɓi bayanai iri-iri, ya kuma daidaita kansa da girman allo, daga ƙaramin allo mai da'ira na Echo Spot har zuwa talabijin. Akwai ma umarnin da ke sa layin da ake karantawa ya yi haske a allo daidai lokacin da murya ke furta shi.

Wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A makarantar allo malam yakan biya, almajiri yana bin layi da yatsa ko tsinke, kunne na karɓar furuci, ido na karɓar siffar baƙi. Mun daɗe da sanin cewa murya da allo suna cika juna. Abin da ya rage shi ne mu tantance, a Hausa takamaimai, me kowannensu ke ɗauke da shi wanda ɗayan ba ya iya ɗauka.

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. "Gari" na mazauni da "gari" na tuwo, "kuka" na hawaye da "kuka" na miya, "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, duk siffarsu ɗaya a takarda. Matsalar ta fi tsanani a nahawu: "ya tafi" na iya zama labarin abin da ya riga ya faru idan wasalin wakilin sunan dogo ne, ya zama umarni ko izini idan gajere ne mai karin ƙasa. Mai karatu Bahaushe yakan warware wannan daga muhallin magana, amma injin da ke mayar da rubutu murya dole a faɗa masa. Ke nan jimlar da za a nuna a allo ba za ta wadatar a matsayin jimlar da za a furta ba. Manhajar Hausa tana buƙatar tushe guda mai cikakkun alamomin kari da tsawo, irin wanda Bargery ya yi ƙoƙarin samarwa a ƙamusunsa na 1934 kuma Newman ya daidaita a nahawunsa na 2000, daga nan a ciyar da murya, sannan a cire alamomin a fitar da daidaitaccen rubutu zuwa allo. Injiniya ba zai iya sanya waɗannan alamomi ba. Aikin masanin tsarin sauti ne.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai abin da kunne ke ruɗewa a kai, allo ya warware. Lambar waya a Nijeriya alƙaluma 11 ce, lambar asusun banki 10, kuma ba mai riƙe su daga ji ɗaya. Lissafin kuɗi ya fi wannan sarƙaƙiya. A Kano "jaka" naira 200 ce, a Maraɗi da Damagaram "jika" sefa 1,000 ce, kuma a can "dala ashirin" na nufin sefa 100, domin kowace dala sefa 5 ce. Haka nan mai magana zai iya cewa "ashirin ba ɗaya" yana nufin 19. Na'urar da ta karɓi umarnin tura "jaka biyar" ba tare da ta nuna adadin da alƙaluma a allo ta nemi tabbaci ba, za ta iya salwantar da dukiyar mutane. A nan allo shaida ne tsakanin mai magana da inji, kuma sanin inda ake buƙatar wannan shaida yana hannun masu nazarin karin harshe.

Sai batun haruffa masu ƙugiya. A tsarin Unicode, ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin furuci, ƙ da ƴ kuma suna wani rukunin na daban, dukkansu a wajen haruffan da harsunan Yammacin Turai ke amfani da su. Shi ya sa yawancin zubin haruffa da ake ƙawata allo da su ba su ƙunshe su ba: ko dai a ga ɗan akwati a gurbin harafin, ko a aro shi daga wani zubi ya fito a karkace. Mai ƙera manhajar da ya ga haka, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya zubar da ƙugiyar. Daga nan "ƙasa" ta koma "kasa", "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓata" ta koma "bata". Mun riga mun ga irin ɓarnar da saƙonnin waya suka yi wa ƙa'idojin rubutu. Allon na'ura mai magana zai fi su tasiri, domin yaro zai ji kalma ya kuma gan ta a lokaci guda, daga bakin abin da yake ɗauka ba ya kuskure. Duk rubutun da ya bayyana a nan, shi ne zai zame masa ƙa'ida. Har ila yau akwai bambancin 'y na Nijeriya da ƴ na Nijar, wanda dole a yanke shawara a kansa gwargwadon ƙasar mai amfani.

Ƙarancin fili ma yana da nasa haɗarin. Abin da Ingilishi ke faɗa da kalma ɗaya a kan maɓalli, sau da yawa Hausa sai ta yi biyu ko uku. A APL ana iya ƙayyade yawan layukan da rubutu zai ci, abin da ya wuce a datse shi da ɗigo uku. Korewa a Hausa kuwa sau da yawa "ba" biyu take buƙata, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. A ɗauki gargaɗin "Ba yara ake ba wannan magani ba". Idan ƙaramin allo ya datse shi ya bar "Ba yara…", gargaɗi ya juye ya zama umarni. Wanda bai san nahawun Hausa ba, ba zai taɓa hango wannan ramin ba.

Daga nahawu sai al'ada. Ingilishi na da wakilin suna guda ga wanda ake magana da shi, Hausa kuwa dole ta zaɓi "ka" ko "ki", ko ta fake da "ku" na girmamawa, ko "a" marar jinsi. Abin da murya ta zaɓa dole allo ya bi shi, kada a ji "kin shirya?" ana ganin "ka danna". Haka kuma kunya ta hana mace da yawa ambaton sunan mijinta, ta hana iyaye kiran sunan ɗan fari. Manhajar da ba ta kiran waya sai an furta suna ta tilasta wa mutum keta al'adarsa. Jerin sunaye ko hotuna masu lamba a allo, inda za a ce "na biyu" ko a taɓa, ya warware matsalar cikin mutunci. Haka batun sirri: bayanin rashin lafiya ko ragowar kuɗin asusu ba abin shelantawa ba ne a tsakar gida mai cike da jama'a, ya fi dacewa ya tsaya a allo.

Sai dai akwai iyaka. Babbar fa'idar na'ura mai magana ga al'ummarmu ita ce ta buɗe wa wanda bai yi boko ba ƙofar da rubutu ya rufe. Idan aka bari allo ya ɗauke muhimmin bayani, murya ta koma cewa "duba allo", an mayar da katangar da aka rushe. Ƙa'idar da Amazon kansa ke ba masu ƙera manhaja ita ce murya ce kan gaba, kuma manhaja ta yi aiki ko a na'urar da ba ta da allo. A wurinmu wannan ƙa'ida ta fi nauyi. Sannan akwai ɗimbin jama'a da ajami ne rubutunsu. Alexa ta fara magana da Larabci a Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a ƙarshen 2021, kuma APL na iya juya shimfiɗar allo daga dama zuwa hagu. A 2016 Unicode ya ƙara siffofin fa'un da ƙafun da nunun na salon rubutun Afirka. Kayan aikin nuna ajami a allo suna samuwa, abin da ya yi ƙaranci shi ne daidaitacciyar ƙa'idar rubuta shi. Ko alamomin hoto ma suna buƙatar bincike: keken sayayya na manyan kantuna ba lalle ya nuna "saye" ga wanda cinikinsa a Kasuwar Kurmi yake ba.

Mai suka zai ce duk wannan riga malam masallaci ne, tun da Alexa ba ta jin Hausa, na'urorin na da tsada, wutar lantarki da intanet kuma ba su da tabbas. Zai ƙara da cewa waɗannan dandamali ba su da ɗorewa, ga shi Google ya rufe nasa tsarin na manhajojin tattaunawa a watan Yuni na 2023, aikin dubban mutane ya tafi a banza. Gaskiya ne, kuma wannan ma hujja ce gare mu. Kada mu ɗora ƙoƙarinmu a kan kayan wani kamfani guda. Mu samar da abin da zai rayu ko da dandamali ya mutu: ƙa'idoji, kalmomi, da rumbun jimloli masu alamomi. Ban da haka, na'urar da ke da kunne da baki da allo tana cikin aljihun miliyoyin Hausawa, wato wayar hannu. Google Translate ya karɓi Hausa tun 2013, a 2024 kuma Google ya sanar da shigar da ita cikin harsunan da ake bincike da rubutu da su ta murya. Shirin Common Voice na Mozilla ma na tattara muryoyin Hausa. Lokacin da ake ganin yana nesa ya riga ya iso bakin ƙofa.

Saboda haka ina ganin abubuwa uku sun wajaba a kan sassan nazarin Hausa na jami'o'in Nijeriya da Nijar. Na farko, a fitar da taƙaitaccen jagora ga masu ƙera manhaja, a buɗe shi kyauta a intanet cikin Hausa da Ingilishi da Faransanci, mai bayanin haruffa da zubin da ke ɗauke da su, raba kalmomi, jinsi, korewa, da lissafin kuɗi. Na biyu, a daidaita kalmomin maɓallai da umarni, kamar yadda aka yi wa kalmomin nazarin harshe da adabi a littafin keɓaɓɓun kalmomi na 1990 wanda Dalhatu Muhammad ya tace. Na uku, a ba ɗaliban digiri na biyu da na uku batutuwan da za su haɗa su da sassan kimiyyar kwamfuta, su fita kasuwanni da asibitoci su gwada allon gwaji a hannun 'yan kasuwa da mata da tsofaffi, su rubuta inda aka fahimta da inda aka ruɗe.

Magabatanmu sun zauna a Hukumar Harshen Hausa tun 1955, sun je taron Bamako a 1966, sun tsara wa harshen yadda zai zauna a kan takarda. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ɗaya ne daga cikin 'ya'yan wannan ƙoƙari. Yanzu harshen zai zauna a wani sabon allo, wanda ke magana da bakinsa, kuma masu zana shi suna aiki ko mun zo ko ba mu zo ba. Tun ran gini ake zane.