AN KAYAR DA SU TUN BA A SHIGA FAGE BA

Jama'a, makon nan zancen ƙwallo za mu yi, ƙwallon mata kuwa, na can ƙasar Ingila. Kada mai karatu ya ce ina ruwansa ya juya shafi. Turawan Ingila su ne su ka tsara dokokin wasan nan tun 1863, kuma kullum a bakinsu za ka ji cewa a fili a ke raba gardama, wanda ya ci shi ya ci. To, bari mu duba abin da hukumar ƙwallonsu, wadda a ke kira FA, ta yi wa wani kulob na mata mai suna Doncaster Belles cikin 2013, mu gani ko aikinsu ya bi bakinsu.

Donkasta gari ne na 'yan ƙwadago a arewacin Ingila, wanda ya yi suna da haƙar kwal da ƙirar jirgin ƙasa. A 1969 waɗansu 'yan mata masu sayar da tikitin neman sa'a a filin kulob ɗin maza na garin su ka ce su ma sai sun buga. A lokacin nan fa ko filin kirki mata ba su samu, gama tun watan Disamba 1921 FA ta hana kowane kulob da ke ƙarƙashinta ya ara musu fili, shekara guda bayan mutum wajen 53,000 sun taru kallon wasan mata a Goodison Park. Sai da a ka yi shekara wajen hamsin kana a ka janye dokar.

Cikin wannan hali 'yan matan su ka tashi, ba albashi, ba uban gida. Su yini wurin aiki, da maraice su tafi horo. Gillian Coultard, wadda ta buga wa Ingila sau 119, a masana'anta ta ke neman abincinta. Duk da haka daga 1983 zuwa 1994 an yi wasan ƙarshe na Kofin Mata sau 12, Belles su na cikin 11, su ka ɗauki kofin sau 6. Da a ka kafa gasar ƙasa baki ɗaya a 1991, su ne su ka fara cinye ta, wasa 14 ba wanda ya tsere musu. Su ka sake ci a 1994. Tun daga ranar da a ka buɗe ajin farko har 2013 ba su taɓa fita daga cikinsa ba, ba kuwa wani kulob da zai iya faɗin haka sai su kaɗai.

A 2011 FA ta kafa sabuwar gasa ta kulob 8, ta ce ba mai shiga sai da lasin. Belles su ka samu. Lalle ƙarfinsu ya ragu, domin na 7 su ka zo a 2011, na 7 kuma a 2012. Amma mai karatu ya riƙe wannan: a shekarun nan biyu Liverpool ce ta zo kurar baya, ba wanda ya ce da ita ko uffan.

Sa'an nan a ka shiga kakar 2013. Belles sun buga wasa ɗaya tak, sai cikin watan Afrilu FA ta ba da sanarwa cewa baɗi za a buɗe aji na biyu, kuma Belles can za su koma, ko sun ci ko ba su ci ba. Wa za a ɗora a kujerarsu? Manchester City, kulob ɗin da wani attajiri ɗan gidan sarautar Abu Dabi, Shehu Mansur, ya saya a 2008. Matan City kuwa ba su ko ci gasar da ke ƙasa ba. Sunderland ce ta ci ta sau uku a jere, ita ma a ka bar ta a aji na biyu. Watau da bulala guda an dāki mutum biyu, wanda ya riƙe wurinsa da wanda ya cancanci hawa.

Ku dubi ma'aunin da a ka auna su da shi: yawan kuɗi da yadda a ke riƙonsu, iya talla da jawo 'yan kasuwa, fili da kayan aiki, sai 'yan wasa da ma'aikata da renon yara. Duk a takarda. Ƙwallo nawa ka jefa a raga, ba a tambaya ba. Belles su ka yi afil, a ƙarshen watan Yuni a ka kori ƙarar. Cikin laifin da a ka ɗora musu har da cewa filin Keepmoat da su ke wasa a ciki ba su ke da iko da shi ba, sai 'yan ƙwallo maza da 'yan wasan zari-ruga sun zaɓi ranakunsu tukuna. Abin dariya, yaro ya tsinci haƙori! A wannan fili dai FA da kanta ta yi wasan ƙarshe na Kofin Mata ran 26 ga Mayu 2013, inda Arsenal ta ci Bristol 3 da babu. Mutanen gari su ka zo da ƙyallaye su nuna rashin yardarsu, masu tsaron fili su ka karɓe. Hatta Vic Akers na Arsenal, wanda ya shekara da shekaru ya na karawa da Belles, ya fito fili ya ce abin kunya ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sauran wasa 13 ɗin nan. A ce da mace ta tashi daga aiki ta shiga mota ta tafi wani gari, ta yi gudu na minti 90, ta sha shuri a ƙwauri, alhali ta sani ko ta cinye duka ba abin da zai sake. Wace ƙwararriyar 'yar wasa za ta yarda ta zo kulob ɗin da a ka riga a ka yi wa likkafani? Wane ɗan kasuwa zai sa kuɗinsa? Su ka dai buga, ba su janye ba. Liverpool, wadda ta zuba kuɗi ta ɗebo 'yan wasa har daga ƙasashen waje, ta yi musu 9 da babu, ta kuma cinye gasar. Belles su ka zo na ƙarshe.

Na san abin da masu kare FA za su ce. Za su ce ai ga shi nan, sun zo na ƙarshe, ko da ma faɗuwa za su yi. Wannan magana ba ta kama ba. Ba ka ɗaure wa doki ƙafa sa'an nan ka kafa hujja da cewa bai yi tsere ba. In da an faɗa tun farkon shekara cewa duk wanda ya zo na 8 zai sauka, Belles su ka zo na 8, da ba mai cewa kome.

Za su kuma ce kuɗin City ya amfani ƙwallon mata. Wannan gaskiya ne, ba na musu. City ta ɗauki su Steph Houghton da Jill Scott, ta ba su albashi su ka bar neman wani aiki, ta ci gasar a 2016. Amma wa ya ce tilas sai an fitar da wani kafin ta shiga? A mai da kulob 8 su zama 9 ko 10, ko kuwa City ta fara daga aji na biyu ta hau da ƙafarta. Mai kuɗi irin nata shekara ɗaya ta ishe shi. Ma'aunin takardan ma bai nuna gaskiya ba. A shekarar nan dai FA ta yarda a ɗauke kulob ɗin matan Lincoln ɗungurungum a kai shi Nottingham, a sake masa suna Notts County, a ba shi lasin na ajin farko. Cikin Afrilu 2017, saura kwana biyu a fara wasa, kulob ɗin ya rushe don bashi, 'yan wasa su ka wayi gari ba aiki.

Belles fa? Sun zo na 2 a sabon ajinsu a 2014, su ka koma sama da guminsu a ƙarshen 2015, su ka sake faɗowa a 2016, wannan karon a fili, ba wanda ya yi gunaguni. A 2018 su ka cinye aji na biyu, amma a lokacin an ce ba mai hawa sai wanda zai iya biyan dukan 'yan wasansa albashin cikakken aiki. Ba su da shi. Maimakon su hau, rashin kuɗi ya gangara da su aji na uku da kofi a hannu.

Ran da matan Ingila su ka ci Kofin Turai a Wembley cikin 2022, gaban mutum 87,192, manyan FA su na can sama su na tafi. Mai tsaron gidan ranar, Mary Earps, ta taɓa sa rigar Belles. Millie Bright kuwa, da ke tsaye gabanta ta na tare Jamusawa, ta na cikin 'yan matan nan da a ka sa su ka buga wasa 13 a banza cikin 2013.