Kada A Sayar Da Tsohuwar Fijo Bisa Sikeli

Malamai da attajirai, muna jawo hankalinku ga tsofaffin motocin nan Peugeot 504 da ke kwance a lungunan Gama, har 'yan gwangwan suna tayawa bisa sikeli. Lalle wannan hasara ce. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, aka yi ta harhaɗa irinta har 2006. Wadda aka sare yau ba ta da magajiya. Alhali kowane bakanike ya san halinta, kayan gyaranta kuwa a nema a Ƙofar Ruwa.

Motar tsere ta zamani fa? Cikinta yana jan ƙasa, ɗan rami ya tsai da ita, ciwonta kuma sai kwamfuta ta faɗa. To, mai tsohuwar Fijo ya fara kiran bakanike ya dubi injinta tukuna.