Masunci Ya Sayi Fetur da Tsada, Ina Tallafin Inji?

'Yan'uwa masunta na Bol da Bagasola da Gite, da ku 'yan kasuwar banda da ke sauke kaya a Njamena, ku tsaya mu yi lissafi tare.

A watan Fabrairu na 2024 gwamnati ta ɗaga farashin litar fetur daga sefa 518 zuwa 730. Ƙarin sefa 212 ke nan a kan kowace lita. Jarka mai lita 20 ta tashi daga 10,360 ta koma 14,600. Wannan kuma farashin gidan mai ne na cikin birni. Kafin jarkar ta isa bakin tafki an ɗora mata kuɗin mota da na shingayen hanya da ribar mai kwalba. Da can ana ɗan samun sauƙi da man da ke shigowa daga Najeriya, amma tun da aka cire tallafi a can ranar 29 ga Mayu 2023 wannan ƙofa ma ta rufe. Mai kwalekwale ba shi da albashin da za a ƙara masa. Ko dai ya rage nisan da yake zuwa, ya yi ta jefa koma inda kowa ke jefawa, ko ya ci bashin mai a hannun dillali ya biya da kifi a farashin da dillalin ya ga dama.

Abin takaicin shi ne ƙasar nan tana da mai. Tun 2003 ake haƙo shi a Doba ana tura shi ta bututu har Kiribi ta Kamaru. Tun 2011 matatar Jarmaya ke aiki, ga ta nan arewa da Njamena. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa!

Za su ce farashin mai ba a hannunsu kaɗai yake ba. To mun ji. Amma yawan man da inji ke sha fa, shi ma daga kasuwar duniya ake yanke shi? Galibin injinan da ke bayan jiragenmu masu bugu biyu ne, irin waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Irin wannan inji yana buɗe ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi a lokaci guda, saboda haka wani kaso na fetur ɗin yana ficewa ba tare da ya ƙone ba. Shuɗin hayaƙin nan da ke bin jirgi, da maiƙon da kuke gani yana ƙyalli a kan ruwa, kuɗinku ne ke zuba cikin tafki. Inji mai bugu huɗu yana rufe ƙofa sai man ya ƙone, kuma baƙin mansa daban yake. A tafiya iri ɗaya da kaya iri ɗaya, man da yake sha bai kai na wancan ba. Mu ɗauka ya rage kashi ɗaya cikin huɗu kawai: lita 5 a kowace jarka, wato sefa 3,650 a farashin Fabrairun 2024 da za ta zauna a aljihun mai jirgi. Wanda ke ƙona jarka ɗaya kullum ya lissafa na wata.

Me ya hana kowa saya? Tsada. Ya fi na bugu biyu kuɗi da nauyi, yana son tsabtataccen mai, kuma bakaniken bakin ruwa ya fi sanin tsohon. Wannan duk gaskiya ne, kuma nan ne aikin gwamnati yake. Senegal ta yi a zamanin Macky Sall: hukuma ta riƙa ɗauke wa masunci sefa miliyan ɗaya daga kuɗin kowane sabon injin jirgi. Su ma sefa suke kashewa kamar mu, kuma a lokacin ba su fara sayar da ko ganga ɗaya ta ɗanyen mai ba. Gana kuwa ta daɗe tana ware wa masuntanta man jirgi mai rahusa.

Mu a nan fa? Hukumar Tafkin Cadi an kafa ta a 1964, hedikwatarta a Njamena take. Jam'iyyar MPS tana kan mulki tun Disamba 1990. Taruka kan ceton tafki an yi su ba adadi, a otal mai sanyi, da jaka da kuɗin zama. Masunci nawa ne a tsibirinku suka karɓi inji da rabin kuɗi? Ku ƙirga su da yatsu, ku kawo mana sunayensu.

Abin da muke nema a majalisa a fili yake. A ware kaso daga kuɗin mai a biya rabin kuɗin inji mai bugu huɗu ga duk mai jirgin da ya kawo tsohon injinsa. A cire wa injin da kayan gyaransa kuɗin kwastan. A koya wa bakanikenmu gyaransa a Bol da Bagasola, don inji ba mai gyara ƙarfe ne kawai. Sharaɗin da ba za mu sassauta ba shi ne na rabo: a yi shi a bakin ruwa da rana tsaka, gaban sarkin ruwa da ƙungiyar masunta, a manna sunan kowa da lambar injinsa a kasuwa. In aka bar shi a ofis, injin masunci zai ɓulla a shagon ƙanin wani babba a Kuseri.

Akwai masu cewa inji mai sauƙin mai zai ƙarar da kifi. Shi ya sa muka ce musanya, tsoho ya shiga sabo ya fita, yawan jirage bai ƙaru ba. Abin da ke cinye 'ya'yan karfasa da tarwaɗa shi ne koma mai ƙananan ido, kuma dokarta na nan tana jiran mai aiki da ita. Wasu kuma na cewa injin zai faɗa hannun Boko Haram. Inji mai lamba da rajista ya fi sauƙin bibiya a kan wanda aka sayo a ɓoye. Kuma saurayin da su ya daina ciyar da shi, kowa a tafkin nan ya san wanda ke jiransa da tayi.

Duk ɗan takarar da ya zo muku da buhun shinkafa da atamfa, ku karɓa, dukiyarku ce. Sannan ku tambaye shi gaban jama'a: nawa za ka sa wa injin masunci a kasafin baɗi, kuma wa zai raba? In ya fara kame-kame, ku riƙe katinku har ranar zaɓe.