ZAUREN KWAMFUTA: Kafin Ka Kai Ta A Yi Mata Fomat

Saƙonnin da suka fi yawa a akwatina cikin 'yan makwannin nan kukansu ɗaya ne: kwamfuta ta yi nauyi. Ka danna Word, ka je ka ɗora shayi, ka dawo, ɗan zoben nan yana ta juyawa abinsa. Wani ɗalibi a Jami'ar Musulunci ya ce shi Shamila ce ke neman sa masa hawan jini. Wata 'yar uwa daga Ƙurban kuma ta ce laftof ɗin gidansu, wanda da shi ake shiga Absher a yi wa kowa hidimar igama, sai ya ɗauki minti biyar kafin ya farka. Kuma kusan kowa da tambaya ɗaya yake rufewa: in kai ta a yi mata fomat?

Amsata ita ce, tukuna dai. Mu nan Madina mun mai da fomat kamar Panadol, ko me ya sami na'ura shi ake ba ta. Mai gyara ya karɓi riyalolinsa, ya share komai, ya zuba maka sabon Windows haɗe da tarin manhajojin da ba ka tambaya ba, bayan wata uku ka koma gidan jiya. Abin da ya fi ciwo shi ne abin da ke bin sharar: hotunan bikin Yaya, takardun Baba da aka yi wa sikanin tun zamanin bin layi a Jawazat, muryar Kaka da aka naɗo daga Kano kafin Allah Ya yi mata rasuwa. Mai shago bai san darajarsu ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Bari mu fara da abin da ke faruwa in ka danna manhaja. Ita a kwance take cikin faifan ajiya, sai an kwaso ta an zuba a RAM, wato teburin da kwamfuta ke aiki a kai, sannan ta buɗe. To matsalar ita ce ba ita kaɗai ke neman hanya ba. Da zarar ka kunna na'ura akwai manhajoji goma, wani lokaci ashirin, da ke tashi da kansu ba wanda ya kira su, kowacce tana son faifan ya saurare ta. Ka tuna fitowa daga Harami bayan sallar Juma'a, a ce kuma ƙofa ɗaya ce a buɗe. Haka Word ɗinka yake a tsakiyar turmutsutsun.

Danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda. Tagar da za ta buɗe sunanta Task Manager, in Windows ɗinka na Larabci ne za ka ga Mudirul Maham. Nemi sashen Startup, ya'ni Bad'ut Tashgil. Duk masu tashi da kansu suna nan a jere, kuma a gefe Windows ya rubuta nauyin kowacce, High ko Medium ko Low. Danna dama a kan duk wadda ba ka buƙata da sassafe ka zaɓi Disable. Kar ka ji tsoro, ba goge ta ka yi ba, ce mata ka yi ta zauna sai an kira ta. Ka bar ta sauti da ta tsaron Windows. Sauran, irin su Teams da Spotify da masu sabunta Adobe da na firintar da ta mutu tun bara waccan, halas, su huta.

Sai maganar riga-kafin bairos. Na sha ganin na'ura ɗaya da masu gadi uku: wanda ya zo da laftof na gwaji ya ƙare tun tuni yana ta roƙon kuɗi, wanda mai shago ya saka, da na Windows kansa. Kowane fayil za a buɗe sai an caje shi sau biyu ko uku. Tun Windows 8, a 2012, Microsoft ta saka Defender a ciki a matsayin cikakken riga-kafi, kuma ga mai amfani na gida wallahi ya isa. Cire sauran. Haka su ma manhajojin da ke alƙawarin wanke kwamfuta da ƙara mata gudu, ni dai ba na ba da shawararsu. A 2017 ɓarayin intanet sun cusa guba cikin CCleaner, bugu na 5.33, mutum sama da miliyan 2 suka sauke shi da hannunsu suna zaton tsafta suke yi. Windows na da tsintsiyarsa, Storage Sense, a cikin Settings. Kyauta ce kuma ba ta talla.

In ka yi wannan duka nauyin bai ragu ba, koma Task Manager ka duba sashen Performance. In ka ga faifan an rubuta masa HDD kuma kullum yana kan 100%, to an zo wurin. HDD faranti ne na gaske da ke juyawa, a yawancin laftof sau 5400 a minti, da 'yar allura da ke bin sa tana neman bayanai. Da ƙyar yake karanta megabait 100 da ɗoriya a daƙiƙa. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, mai arahar ma yana kai wajen 500, kuma wajen tsinto ƙananan fayiloli barkatai, wanda shi ne ainihin aikin buɗe manhaja, tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Fomat ɗari ba za ta sa faranti ya ƙara gudu ba. Kuɗin da za ka kashe a fomat uku, ka tara ka sayi SSD, ka ce wa mai gyara ya kwafe maka tsohon faifan gaba ɗaya a kansa. In RAM ɗinka 4 GB ne, ka kai shi 8. Kar ka manta da ƙura kuma. Garin da zafi ke haura digiri 45 a bazara, laftof a kan katifa, fanka ta toshe, dole na'ura ta rage gudu da kanta don kar ta ƙone. A busa mata iska sau ɗaya a shekara.

Yanzu ga abin da ya shafe mu musamman, mu da 'yan uwanmu ɗalibai. In Word ne kaɗai ke nauyi, riƙe Ctrl ka danna shi, zai tambaye ka ko ya buɗe a Safe Mode, ka ce e. In ya buɗe nan take, to 'yan maƙale-maƙalen da aka liƙa masa ne, ka shiga File, Options, Add-ins ka kashe su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Sannan akwai maganar font, wato salon haruffa, da Larabawa ke ce wa khuɗuɗ. Manhajar Mus'hafin Madina ta Mujamma'ar Malik Fahad, wadda masu rubuta risala ke ɗauko ayoyi da ita, tana zuwa da font ɗaya ga kowane shafi na Alƙur'ani, shafi 604 kenan. Aiki ne mai kyau ƙwarai, shi ya sa ayar ke fitowa tamkar yadda take a Mus'hafi. Amma sai ka ga mutum ya saka tsohon bugu da sabo, ya ƙara da faifan nan na haruffan ado dubu da aka ba shi a shago. Word da Photoshop sai sun leƙa jerin nan duk lokacin da za su tashi. Ka zubar da na adon da ba ka taɓa amfani da su ba. Na Mus'hafi kuwa, ka tabbatar da bugun da rubuce-rubucenka suka dogara da shi kafin ka taɓa ko ɗaya, domin in ka cire shi ayoyin da ke cikin risalarka za su koma wasu alamomi da ba mai iya karantawa. Wanda saura wata biyu ya yi munaƙasha ya san me nake nufi. Shamila ma maganinta SSD ne, tunda dubban littattafai take ɗauke da su. In za ka bar tsohon bugu ka koma sabo, kwafi jakarta gaba ɗaya zuwa wani faifan waje tukun, saboda littattafan da ka shigar da hannunka.

Mu zo kan gawarwaki. Shiga Settings, Apps, ka karanta jerin a hankali. Akwai manhajojin da masu su da kansu sun yi musu jana'iza amma suna nan zaune a na'urorin gidajenmu. Adobe ta daina kula da Flash Player ranar 31 ga Disamban 2020, ta ma toshe shi daga 12 ga Janairun 2021. Apple ta watsar da QuickTime na Windows a 2016. MSN Messenger ya tafi a 2013, Yahoo Messenger a Yulin 2018, Skype kuma a Mayun 2025. Allah sarki, da su muka riƙa hira da 'yan uwa na Kano da Zinder muna koyon rubuta Hausa da haruffan boko, to amma soyayya ba ta hana binne mamaci. Cire su, tare da tsofaffin Java da suka taru da duk wani abu mai suna Toolbar. Ba don nauyi kawai ba. Manhajar da aka daina sabuntawa taga ce da ba sakata, duk ramin da aka gano a jikinta ba mai toshewa har abada, kuma a kan wannan na'urar ake shiga Absher da asusun bankin Baba.

Akwai kuma masu rai amma an bar su sun tsufa. WinRAR shi ne sarkinsu, kowa na da shi kuma ba ya sabunta kansa. A Agustan 2023 aka fitar da bugu na 6.23 don toshe wani rami da ɓarayi ke bi ta fayil ɗin da aka aiko maka. Duba naka, ina kyautata zaton wasunmu na kan bugun da ya girmi ƙannensu. Hanya mafi sauƙi, buɗe Command Prompt ka rubuta winget upgrade --all, zai bi yawancin manhajojinka ya sabunta su.

Babbar gawa kuwa wani lokaci Windows ɗin ne kansa. XP ya ƙare ranar 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, rana ɗaya da Office 2016 da 2019. Mai ganin wasa ne ya tuna WannaCry a Mayun 2017, wanda ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 100 har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ta fitar da maganin tun watan Maris, mutane ne ba su saka ba. Windows 11 yana buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. In taka na cikinsu, ka saka mata Linux Mint, ko ka cire ta daga intanet ta zama ta karatu da kallon hotuna. Harkar igama da kuɗi a koma yi a jawwal.

Amma fa a yi hattara, ba duk mai tsohuwar shekara ne gawa ba. Za ka ga Microsoft Visual C++ an jera shi da 2008 da 2010 da 2013 da sauransu. Kar ka taɓa, kowanne akwai manhajar da ke tsaye a kansa. Haka duk abin da ke ɗauke da sunan Intel ko Realtek ko NVIDIA, su ne ke tafiyar da allo da sauti da wayales. Abin da ba ka gane ba, ka nemi sunansa a Google kafin ka danna Uninstall, kuma ka yi Restore Point kafin ka fara aikin gaba ɗaya.

Sai wani tsoho da nake roƙon alfarma a kansa. In na'urar ta Baba ce ko ta Kawu, ka duba cikin font ko akwai masu suna Rabi'at da Abdalla. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ne ya ƙirƙiro su a shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma da su aka buga rubuce-rubucen Hausa masu ɗimbin yawa. Ba sa cin komai a na'ura. Amma haruffa masu lanƙwasa a cikinsu an ɗora su ne a gurbin wasu alamomi, don haka ranar da aka yi fomat suka tafi, duk wasiƙa ko tarihin gida da aka rubuta da su sai ka ga wata alama ta daban a inda ƙ take. Buɗe irin waɗannan takardu yanzu, tun font ɗin na nan, ka adana kowacce a PDF. Sannan ka shiga C, Windows, Fonts ka kwafe su a filasha tare da na Mus'hafi. In fomat ɗin ta zama dole bayan duk wannan, da wannan filashar a aljihunka za ka tafi shagon.

Mako mai zuwa in sha Allahu za mu ga yadda ake kunna allon rubutun Hausa da ke cikin Windows tun daga Windows 7, tare da na Larabci, ba tare da ɗaya ya ture ɗaya ba. A gaida su Umma. Wassalam.