Wasan kwaikwayo a Tsarnawa: wa zai ɗauki nauyin ƴan wasanmu?

Jama'a, manyanmu ba su manta da zamanin Samariya ba. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da ƙungiyoyin samari a garuruwa da ƙauyuka, kuma a 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram. Ƴan wasan ba su da albashi. Malaman lakol ne, da teloli, da ƴan kasuwa, suna haɗuwa da dare bayan aiki. Ana dariya, ana kuma faɗa wa mai cin rashawa da mai auren dole gaskiya da Hausa, irin yadda Yazi Dogo ya riƙa yi a Télé Sahel.

To, me ya faru? Ƙarfin Samariya daga gwamnati yake. Da aka shiga siyasar jam'iyyu bayan babban taron ƙasa na 1991, sai ta watse. Finafinan Kano kuma suka kwararo ta iyakar Ƙwanni, ƴan kallo suka koma gidajen bidiyo. Ƙungiyar da ta tsira sai jiran proje, shi kuwa mai kuɗi shi ke zaɓen maganar da za a yi.

A ganinmu, maganin yana cikin kasuwa. Dillalan albasar Tsarnawa da mata masu adashi, in kowa ya zuba dala ashirin ranar kasuwa, an sami kayan wasa da kuɗin mota zuwa Malbaza da Illela. Sannan ne za mu ga faɗuwar farashin albasa da wahalar bashi a dandali, da bakin ƴaƴanmu.